Ranar da Nicanor Ya Yi wa Tronador Aski

A unguwarmu da ke kan tudu a Bariloche babu wanda bai san cewa Nicanor Curapil ya taɓa aske tumaki ɗari uku a yini ɗaya ba, domin shi da kansa ya bi gida-gida ya sanar. In ya sha mate, wato shayin ganyen da muke zuƙa a ƙoƙo, ya ji daɗi, tumakin sukan kai ɗari huɗu. In kuwa akwai mace a wurin, to da hannun hagu ya yi aikin, na daman yana riƙe da haƙarƙarin rago yana gaigaya.

Gaskiyar magana, Nicanor ya bi ayarin masu askin tumaki shekara biyu a gonakin kudu, amma ko sau ɗaya bai riƙe almakashi ba. Aikinsa ɗaukar gwangwanin shuɗin magani. In mai aski ya yanki tunkiya sai ya ƙwala kira, "Magani!" Nicanor ya sheƙo da gudu ya shafa. Mutum ɗaya ne ya san wannan, tsoho Don Eleuterio, wanda shi ne shugaban ayarin a wancan zamani. Bai taɓa tona shi ba, don a cewarsa tun da rediyonsa ya mutu ba shi da abin sauraro sai Nicanor.

To, shingen waya kawai ya raba gidan Don Eleuterio da na Doña Herminia Painefil, kuma a gidan Herminia zuciyar Nicanor take kwana. Shekara huɗu da rasuwar mijinta, ya bar mata kyamara da kare. Karen shi ne Tronador, irin shirga-shirgan nan masu gashi buzu-buzu da ake rataya wa 'yar gangar katako a wuya, ya fi Nicanor nauyi ko da Nicanor ya sa takalman sanyi. Kullum agogon dandali ya buga sha biyu, sai Tronador ya gangara ya zauna a gurbinsa, baƙi 'yan yawon buɗe ido su rungume shi, Herminia ta ɗauki hoto. Da wannan take ci take sha.

Shekara biyu Nicanor yana zarya a gidan. Ya gyara mata ƙofa ta daina rufuwa, ya gyara famfo ya koma zuba ta baya. Amma yana son matar nan, so na gaske, kuma a duk duniya wannan ne kaɗai abin da bai taɓa ƙara wa gishiri ba. Shekararsa hamsin da shida, ya gaji da cin abinci a tsaye shi kaɗai. Ranar Talata Herminia ta dube shi ta ce, "Ran Lahadi yayana zai zo daga ƙauye, za a gasa ɗan rago. In kana da magana, ka zo ka faɗe ta a gabansa." Tun daga ranar Nicanor ya daina taka ƙasa sosai.

Sai dai watan Nuwamba ne, lokacin da sanyi ke kaucewa a ƙasarmu, Tronador ya fara zubar da gashi. Duk inda ya kwanta sai ya bar rabin kansa. Wata baƙuwa mai baƙar riga ta rungume shi ta tashi fari fat, ta yi ta masifa da yaren da ba mu sani ba. Ran Juma'a da safe Herminia za ta wurin likitan haƙori, ta miƙa wa Nicanor igiyar karen.

"Ka kai shi wurin Yanina ƙarfe tara, ta taje shi. Sha biyu ka same ni a dandali, motocin ɗalibai uku za su sauka."

"Yanina? Yarinyar nan mai koren gashi?"

"Ita. Ta san aikinta."

"Haba Herminia! Kina da mutum kamata a gida, wanda gashi ke jin sunansa ya faɗi da kansa..."

"Nicanor."

"Na'am."

"Kai shi kawai na ce. Kada ka yi tunani, kada ka yi dabara. Kai shi."

Ya ce ya ji. Ya tsaya yana kallonta har ta sha kwana, sannan ya dubi karen, karen ya dube shi, dalala na zuba. Nan take dabara ta faɗo masa. Ran Lahadi yayan Herminia zai tambaye shi me ya iya, kuma mutanen ƙauye ba sa jin magana sai sun gani. In ya gyara karen nan da hannunsa, ya kai shi dandali yana sheƙi, ai maganar aure ta ƙare kafin a hura gawayi. Ya naɗe hannun riga ya ja Tronador tsakar fili.

Don Eleuterio yana zaune a bakin shinge da ƙoƙon mate da butarsa. Ya ce, "Maƙwabci, ba nan ce hanyar shagon Yanina ba."

"Yau Yanina za ta huta, tsoho. Zauna ka ga aikin manya."

"Ai a zaune nake." Ya gyara kujera ya fuskanci filin sosai.

Nicanor ya shiga ɗakin ajiya ya fito da matajin ulu na marigayiya mahaifiyar Herminia, mai haƙoran waya. Ja ɗaya ya yi a bayan karen, gashi ya cika hannu. Ya ɗaga sama ya nuna wa tsohon.

"Ka gani? Yanina sai ta yi awa ɗaya kafin ta tara wannan."

Ya watsar, ya sake ja. Abin da ya manta shi ne abin da ko jariri a yankinmu na Patagonia ba ya mantawa, wato iska. Iskar tafkin garinmu ta taso ta ɗebe gashin ta ƙetare shinge da shi ta ɗaya gefen, inda Doña Casilda ke suyar torta, wato fanken fulawa, ta sayarwa a ƙarƙashin rumfa. Ta baje ƙullu a tebur, kitse na tafasa a kasko, ga fararen zannuwan gado ta shanya a igiya. Nicanor bai waiwaya ba. Yana ja yana watsawa yana ba da labarin wani rago mai ƙaho huɗu da ya taɓa kayarwa a Santa Cruz.

"Dusar ƙanƙara a Nuwamba?" suka ji Casilda ta ce. Ta ɗaga torta ɗaya ta duba. Sai ihu: "Curapil! Ɗan banzan tsoho! Zo ka ga abin da ka yi mini!"

Ta taho bakin shinge da torta ɗaya a cokali mai yatsu. Tortar ta yi gemu.

"Wa zai sayi wannan? Ka ce in soya ko in kai ta wurin wanzami?"

"Maƙwabciya, kwantar da hankalinki. Gashin kare irin wannan magani ne. A Suwizalan har shayinsa ake yi."

"To zo ka ci maganin! Buɗe bakin ƙaryar nan in zura maka!"

"Na karya tun da safe."

"Zannuwana fa? Su ma maganin suke sha?"

Kafin nan mutane sun fara taruwa. Mai gyaran taya ya bar tayarsa, matan da suka fito shagon burodi suka tsaya da jakunkuna, kowa yana tofar da gashi daga baki. Da mai hankali ne, da ya ga haka sai ya ja karen ya tafi wurin Yanina, don tara da rabi kawai ta yi. Amma Nicanor in ya ga taro, hankalinsa yakan ba shi wuri.

"Jama'a, wannan somin-taɓi ne," in ji shi. "Gwani ba ya taje busasshen gashi. Jiƙa shi ake yi, ya kwanta, iska ta rasa abin ɗauka."

Ya sa Casilda, duk da fushinta, ta ba shi tukunyar ruwan zafi, don ita ma tana son ganin ƙarshen abin. Ya sirka, ya kwara wa karen, ya ɗauko sabulun wanki ya shiga cuɗawa da ƙarfinsa. Ya cuɗa gaba, ya cuɗa baya, ya murza kamar mai wankin bargo. Tronador ya lumshe ido yana gurnanin daɗi. Da kumfa ta tashi, Nicanor ya jawo tiyo ya sake masa ruwan famfo, wanda a garinmu daga kan dutse yake saukowa, sanyinsa har cikin haƙori.

Don Eleuterio ya zuƙi mate ya ce, "Ruwan zafi, sabulu, murza, sannan ruwan sanyi. Nicanor, ka san me ka yi kuwa?"

"Wanka na yi masa irin na turawa."

"Haka matata ke yi wa ulu in za ta yi hula."

Nicanor ya yi dariya ya kafa mataji a gefen karen ya ja. Mataji ya ƙi motsi. Ya sa hannu biyu, ya dafa ƙafa ɗaya a ƙasa, ya ja har jijiyar wuya ta fito. Mariƙin ya ɓalle ya bar haƙoran a ciki, shi kuma ya zauna daɓas a cikin taɓo. Mataccen gashin da ke ƙasa ya haɗe da na sama, ya dunƙule ya zama fai-fai ɗaya tun daga kafaɗa har cinya, ko yatsa ba ya shiga.

A daidai nan Tronador ya ga wanka ya ishe shi, ya girgiza. Duk wanda ke bakin shinge ya samu rabonsa. Mai gyaran taya ya sha kumfa, burodin mata ya jiƙe, Casilda ta share fuska ta ce, "Allah ya isa tsakanina da kai, Curapil. Ɗauki karen mutane ka kai wa Yanina tun da sauran abin gyarawa."

Nicanor ya san gaskiya ta faɗa. Ya hango fuskar Herminia, ya hango ran Lahadi. Ya buɗe baki zai ce to, sai mai gyaran taya ya ce, "Wai ba kai ne mai tumaki ɗari uku ba? Kare ɗaya ya gagare ka?"

"Ya gagari wa?" Nicanor ya miƙe yana ɗigar taɓo. "Ni fa tausayinsa nake ji shi ya sa na bi ta lallami. Don Eleuterio, almakashinka na nan?"

Tsohon ya ajiye ƙoƙo a hankali. Ya shiga gida da sauri irin wanda ba a taɓa gani a wurinsa ba tun da gwiwa ta kama shi, ya fito da tsohon almakashin askin tumaki naɗe a fata, ya miƙa ta kan shinge da hannu biyu.

"Shekara talatin ina roƙon Allah ya nuna mini wannan rana," in ji shi.

Nicanor ya ɗauka yabo ne, ya ce, "Ka gode masa, ya amsa."

Kowa ya san yadda ake kama tunkiya: a zaunar da ita a kan gindinta, bayanta a jikin ƙafafun mai aski, a matse da gwiwa, a fara daga ciki. Nicanor ya ga an yi sau dubu. Ya zagaya bayan Tronador, ya rungumo ƙirjinsa, ya yi nishi ya ɗaga. Karen bai yi gardama ba ko kaɗan. Shi a saninsa duk wanda ya rungume shi hoto yake so, don haka ya jingina da baya gaba ɗaya. Nicanor ya tafi ƙasa, kare ya bi shi, ba a ganin komai sai takalma biyu suna harbin iska.

"A ayarinmu mai aski ne a sama," in ji Don Eleuterio.

"Salon... kudu... ne," wata murya ta fito daga ƙarƙashin karen.

"Ku bar shi ya ɗan daɗe," in ji Casilda. "Yau ne na fara jin unguwar nan shiru."

Da ƙyar maza biyu suka janye shi ta ƙafa. Tronador kuwa ya mirgina ya kwanta a kan gefensa na hagu a cikin rana, ya fara minshari. Nicanor ya ce ai dama abin da yake nufi ke nan, shi yake sa dabba barci da ido kawai. Ya durƙusa ya soka almakashi a gefen dama.

Almakashin tumaki ba wasa ba ne, matsa shi ake yi da tafin hannu, kuma jiƙaƙƙen gashin da ya dunƙule ba ya yankuwa ta sama sai an bi ta jikin fata. Nicanor ya bi ta jikin fata. Nan ya yanke ƙasa-ƙasa, can ya bar tudu, aikin ya fito hawa-hawa kamar matakalar coci. Fatar karen ta bayyana, ja-ja mai laushi, wadda rana ba ta taɓa gani ba tun da aka haife shi. Matan suka daina dariya. Wata ta ce, "Wayyo, ashe haka yake a ciki? Duk girman nan gashi ne?"

Sai bakin almakashi ya ɗan tsinki fata. Tronador ya ɗaga kai ya yi ƙara. Kafin Nicanor ya san abin da yake yi, jikinsa ya riga shi. Ya yar da almakashi, ya tsallake shinge, ya shige rumbun Don Eleuterio, ya fito da gwangwanin shuɗin magani, ya sake tsallakowa, ya shafa da ɗan tsinke, duk a cikin numfashi uku. Ko ɗigo bai zuba ba. Tsohon ya tafa masa shi kaɗai.

"Yauwa! Wannan kam hannun gwani ne. Ka ga aikin da aka koya tun ana saurayi."

Nicanor ya harare shi ya koma kan aski. Ya tsinka, ya shafa. Ya tsinka, ya shafa. Da ya ga inda bai tsinka ba ma ya yi ja, ya shafa don rigakafi. Zuwa sha biyu saura kaɗan, gefen dama na Tronador ya zama tsirara tun daga kunne har wutsiya, an yi masa ɗige-ɗigen shuɗi kamar zabo. Gefen hagu yana ƙasa, cike da gashi. Shi kuma Nicanor, da yake jiƙe yake da sabulu, duk gashin da ya yanke ya manne masa a hannu da ƙirji da fuska.

"Saura juyi," in ji shi yana haki. "Ku kama mini ƙafafu."

Ya ɗaura igiyar a wuyan hannunsa don kada karen ya motsa. Sai agogon dandali ya fara bugawa.

Shekara shida Tronador bai taɓa makara a wurin aiki ba. Ya buɗe ido, ya miƙe, ya yi hamma, ya nufi ƙofa. Ƙofar kuwa ita ce wadda Nicanor ya gyara, ba ta rufuwa.

"Tronador! Zauna! Zauna na ce, ɗan albarka! Tsaya mu yi magana!"

Karen bai yi gudu ba da farko, tafiyar ma'aikaci kawai yake yi. Amma titinmu gangara ne har dandali, kuma nauyi in ya kama gangara ba ya shawara da kowa. Nicanor ya bi shi da sassarfa, sannan da gudu, sannan da wani abu da ba shi da suna, rabi a ƙafa rabi a gwiwa. Ya kama turken fitila, turken ya ƙwace. Ya kama rigar wani ɗan sanda, ɗan sandan ya ga abu mai gashi da shuɗin hannu ya yi baya ya yi alamar gicciye. A bayansu unguwa ce gaba ɗaya: Casilda da cokalinta, mai gyaran taya, matan burodi, da Don Eleuterio a can ƙarshe yana ɗingishi yana cewa a jira shi kada a fara ba shi.

A dandali motocin ɗalibai uku sun riga sun sauke kaya. Doña Herminia na tsaye da kyamara a wuya, kumatu ɗaya a kumbure, auduga a baki. Kusa da ita ga Yanina, wadda ta rufe shago ta zo tambayar dalilin da ba a kawo kare ba. Tronador ya ratsa taron ya zauna a gurbinsa, ya ɗaga kai, ya ba Herminia gefen hagu.

Ta dube shi ta yamutsa fuska. "Me ya sami gashinsa ya dunƙule haka? Ina gangarsa? Nicanor, kai kuma me ya same ka?"

"Herminia, kafin ki ce komai, ki tsaya daidai inda kike. Kada ki zagaya."

Ba ta buƙaci zagayawa ba. Ɗaliban da ke ɗaya gefen sun riga sun fashe da dariya, wasu na riƙe ciki, wayoyi duk a sama. Tronador kuwa ya saba in ya ji hayaniya ya juya wa baƙi fuska, don haka ya tashi ya juya a hankali ya sake zama, ya ba uwargijiyarsa gefen dama.

Audugar ta faɗo daga bakin Herminia.

"Yayi ne," in ji Nicanor da sauri. "Sabon yayi daga Buenos Aires. Gefe ɗaya na sanyi, gefe ɗaya na zafi. Baƙo ya zaɓi wanda yake so."

"Shuɗin fa?" wani ɗalibi ya tambaya.

"Launin tutar ƙasa ne, yaro. Ba a koya muku a makaranta ba?"

"Malam, kai ne ka aske shi ko shi ne ya aske ka?"

Herminia ba ta yi dariya ba. Ta durƙusa ta ɗora hannu a kan fatar karen, ta shafa a hankali, idonta ya kawo ruwa. Nan ne Nicanor ya ji ciwon da duk jan da aka yi masa a titi bai ji ba. Amma bakinsa ya riga ya saba, bai san hanyar tsayawa ba.

"Ki tambayi kowa, Herminia, aikin bai ƙare ba ne kawai. Mutumin da ya aske tumaki ɗari uku..."

"Tumaki nawa?" Don Eleuterio ne ya iso yana dafe da gwiwa. "Doña Herminia, na yi shiru shekara talatin don ba a cuci kowa ba. Yau an cuci kare. Wannan bawan Allah ko jelar tunkiya bai taɓa askewa ba. Mai ɗaukar gwangwani ne. Ki dubi shuɗin nan, shi ne sana'arsa, kuma in gaskiya za a faɗa ban taɓa samun wanda ya kai shi ba."

"Gwangwani!" Casilda ta daka tsalle. "Shekara da shekaru yana cika mana kunne, ashe ɗan gwangwani ne!"

Dandali ya ɗauka. Ɗalibai da ba su san kan zance ba ma suka shiga rera "Ɗan gwangwani! Ɗan gwangwani!" suna tafi. Nicanor ya sunkuyar da kai. Ya tsaya tsuru-tsuru, iska na cizge gashin kare daga jikinsa tana rabawa jama'a.

Yanina ta gama duba karen ta miƙe. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi zafi ke nan.

"Gashi biyu gare shi, Don Nicanor. Na ƙasa shi ke zuba, shi ake tajewa a busashe, a bar na sama. Na saman nan shi ke kare shi daga rana. Yanzu in ya yi awa ɗaya a fili, fatar nan za ta ƙone ta yi ƙuraje. Hagun zan iya warware shi, zai ci mini yini biyu. Daman kuwa sai dai inuwa."

Herminia ta miƙe. Ta shiga rumfar mai sayar da tsaraba ta fito da babbar lema, ta buɗe, ta danƙa wa Nicanor.

"Daga yau hoto ta hagu za a riƙa ɗauka. Kai kuma ka tsaya ta dama ka riƙe wannan, daga sha biyu har a tashi. In rana ta taɓa shi, kada ka sake taka ƙofata."

Ya karɓa. Ya matso kusa da ita, ya rage murya yadda taron ba zai ji ba.

"Herminia... ran Lahadi fa?"

Ta dube shi tun daga sama har ƙasa, ta daɗe tana dubansa. Ba ƙiyayya a idonta, gajiya ce kawai da kumburin haƙori.

"Ran da gashin nan ya dawo yadda yake, ka zo ka tambaye ni."

Nicanor ya ji sanyi a ransa. Ya juya ga Yanina har da ɗan murmushi. "'Yata, kamar mako nawa? Uku? Huɗu?"

"Wata shida. Wani lokaci shekara." Ta ɗaga kafaɗa. "Wani kuma in an aske shi haka, ba ya dawowa daidai har abada."

Yau wata biyar ke nan. Duk wanda ya je dandali da rana zai ga Tronador a zaune ya ba kyamara hagu, da wani mutum a damansa riƙe da lema, yana karkata ta duk inda rana ta karkata, ba ya ba kowa labarin komai. Ya shafa wa gefen nan man kifi, ya shafa ruwan albasa, har Yanina ta yi masa kashedi. Faston cocinmu ya ce a duk shekarunsa na aiki bai taɓa ganin wanda ya kunna kyandir saboda gashin kare ba sai Nicanor, kuma kowace Lahadi.

Gashin ya fara fitowa, nan tsiro, can fili. Kowace safiya kafin su gangara, Herminia takan durƙusa ta bi gefen da tafin hannu daga kafaɗa zuwa cinya, Nicanor na tsaye a kanta ya riƙe numfashi. Sai ta miƙe ta karkaɗe hannu ta miƙa masa lema.

"Da saura," in ji ta.